Idan Safar Nutso Ta Fara Yoyo: Yadda Ake Gano Ƙofar da Ruwa Ke Bi

A tsagin dutsen Silfra na ƙasar Aisland, ruwa ba ya wuce digiri 2 zuwa 4 a ma'aunin Salshiyas duk tsawon shekara. Ƙasan tafkuna masu zurfi na arewacin Turai da Kanada ma haka yake, kusan digiri 4, ko da mutane na zufa a bakin gaɓa. Ruwa kuwa ya fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki ninki ashirin da ɗoriya. Shi ya sa masu nutso da tukunyar iska a irin waɗannan wurare busasshiyar riga suke sawa. Riga ce da ke rufe jiki ruf daga wuya zuwa ƙafa, ruwa ba ya shiga, ana sa tufafin ɗumi a ƙarƙashinta, ana kuma hura mata iska daga tukunya ta wani bawul da ke ƙirji.

Hannu ne ke fara sarewa. Kuma shi ne mai buɗe bawul, mai kama igiya, mai zare wuƙa idan tarun masunta ya sarƙe mutum. Da zarar ɗumin fatar yatsu ya sauko zuwa kusan digiri 15, duk aikin da ke son ƙwarewar yatsa sai ya fara gagara. Dabarar da aka samo ita ce busasshiyar safar hannu: safar roba mai ƙwari a waje, safar ulu a ciki, a haɗa ta da hannun riga ta hanyar ƙawanya biyu masu shiga juna, ɗaya a jikin riga, ɗaya a bakin safa, da zoben roba a tsakaninsu mai toshe wa ruwa hanya.

Masu ƙera irin wannan haɗi suna da yawa. Akwai Si Tech da Waterproof na ƙasar Suwidin, akwai Kubi mai ƙawanyar alminiyam da ke zuwa da faɗin milimita 70, 80, 90 ko 100, akwai Rolock da ake murɗawa ta kulle, da Santi na Polan, da Fourth Element na Ingila, da DUI na Amurka mai nasa salon daban. Wasu zagayayyu ne, wasu masu siffar ƙwai. Kowanne yana da masu rantsuwa da shi, kowanne kuma akwai wanda ya taɓa fitowa da jiƙaƙƙen hannu yana tsine masa albarka. A ganina, wanda safarsa ta yi yoyo sau biyu ya garzaya ya sayi wani nau'in, galibi ya bar jaki ne yana dukan taiki. Silin gashin da ya gitta a kan zobe ya jiƙa shi a tsohuwar ƙawanya zai jiƙa shi a sabuwa.

Ƙofofi biyar ne, ba ɗaya ba

Wanda ya ce "ƙawanyata tana yoyo" bai faɗi komai ba tukuna, don tsakanin gwiwar hannu da kan yatsa akwai wuri biyar da ruwa zai iya bi. Na farko, inda ƙawanyar riga ta kama hannun riga, ko da gam aka manna ta ko kuwa matse ta aka yi a kan robar wuyan hannu, wato robar da ke bakin hannun riga mai matse wuyan hannu don kada ruwa ya shiga. Na biyu, inda ita robar wuyan hannun take zaune a cikin ƙawanya. Na uku, tsakanin ƙawanya da ƙawanya, mazaunin zoben roba. Na huɗu, inda aka ɗaura bakin safa a kan ƙawanyarta. Na biyar, jikin safar kanta.

Aikin gaba ɗaya shi ne a ware ɗaya daga cikin biyar ɗin nan. Ƙa'idar kuma guda ce: abu ɗaya ake sauyawa, sannan a gwada. In ka sauya zobe, ka sake ɗaura safa, ka shafa giris duk a zama ɗaya, yoyon ya tsaya, to ka huta yau, amma ba ka san mai laifin ba, ranar da ya dawo kuma daga farko za ka soma.

Kafin ka kwance komai, karanta jiƙewar

Da ka fito daga ruwa, kada ka yi saurin fizge safa. Goge wajen ƙawanya da tawul tukuna, domin ruwan da ya kwanta a bakinta yakan zubo ciki lokacin cirewa, ya jiƙa wuyan hannun da ya yi nutso a bushe. Mutane da dama sun ɓata mako suna neman yoyon da babu shi saboda wannan kawai.

Sannan ka duba safar ciki. Idan duka hannu biyu sun yi danshi iri ɗaya, ko'ina ba inda ya fi wani, wannan zufa ce. Roba ba ta numfashi, kuma wanda ya sa safa tun yana tudu ya ɗauki tukunya ya gangara da ita, ya riga ya jiƙa kansa kafin ya taɓa ruwa. A teku ana iya ɗanɗanawa: ruwan teku gishirinsa ya fi na zufa nesa ba kusa ba, harshe ba ya kuskure. A tafki kuwa sai dai a dogara da siffar jiƙewar.

Yatsa ɗaya ko biyu ne suka jiƙe, sauran a bushe? Huji ne a jikin safa. Jiƙewar ta fara daga wuyan hannu ta gangara tafin hannu? Ƙofa ta uku ko ta huɗu ce. Hannu a bushe, amma tufafin ɗumi sun jiƙe daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu? Duba ƙofa ta farko da ta biyu. In kuwa jiƙewar ta taso tun daga damtse, musamman na hagu, to ba a nan gizo ke saƙar ba: bawul ɗin fitar da iska a damtsen hagu yake a yawancin riguna, in yashi ya shige shi ko ya yi sako-sako, ruwansa gangarowa yake ya taru a hannu, a ɗora wa ƙawanya laifin da ba nata ba. Ƙarshen zif ɗin riga da ke kusa da kafaɗa ma yakan yi haka.

Wannan karatu ba ya yiwuwa bayan nutson awa guda, lokacin da ruwa ya riga ya mamaye ko'ina. Ka yi gajeren nutso na minti biyar a wuri marar zurfi, da siririyar safar ciki mai launin toka, ko ka naɗa takardar goge hannu a wuyan hannunka. Ruwa a kan launin toka baƙi yake fitowa, ya nuna maka mafarinsa.

Lokacin da ka fara jin sanyin ma shaida ne. Yoyon da ke farawa da shigarka ruwa, yawanci wani abu ne ya gitta a kan zobe, ko ƙawanyar ba ta zauna daidai ba. Wanda ba ya zuwa sai an yi ƙasa sosai, matsi ne ke janyo shi, za mu zo kansa. Wanda ke zuwa sai ka miƙa hannu bayan ƙeya don taɓa bawul ɗin tukunya, ko ka damƙi wani abu da ƙarfi, wannan ƙawanya ce ke motsi a gurbinta, ko safar ta yi gajarta tana janta. Wanda kuma ke zuwa a hanyar hawowa, iska ce ta kumbura safa ta ɗaga ƙawanya.

Gwaji a gida

Fara da safa, don ita ce mafi arha kuma mafi shan wuya. Dabarar ta mai facin taya ce a bakin titi: a hura iska, a tsoma a ruwa, a jira kumfa. Cire safar da ƙawanyarta, ka kama iska a ciki, ka murɗe bakin, ka nutsa ta a bokiti kana matsa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ka daɗe a kan babban yatsa da manuni da kwarin da ke tsakaninsu, nan ne ƙugiya da igiya suke ci. Ƙaramin huji ba ya buɗewa sai an ja robar, saboda haka ka riƙa miƙa ta kana dubawa. Wata hanyar ita ce ka shiga ɗaki mai duhu ka zura tocila a cikin safar, hasken zai tsirgo ta hujin, sai dai safa mai shimfiɗar yadi a ciki takan ɓoye shi.

Masu nutso a kan jiragen yaƙin Jamus da aka nutsar a Scapa Flow ta Sukotland a 1919 sun san abin da tsatsan ƙarfe ke yi wa safa. A manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada kuwa, ƙananan ƙumba masu kaifi da suka shigo a ƙarshen shekarun 1980 sun lulluɓe tarkacen jirage, suna yankan roba ba tare da mutum ya ji ba. Wanda ke nutso a irin waɗannan wurare, ya fara zargin safarsa kafin komai. Ana iya toshe huji da ɗigon gam irin su Aquaseal a bar shi ya kwana, amma faci a kan yatsa na wucin gadi ne. Safofin da aka fi amfani da su, kamar Showa 660 shuɗiya da Showa 720 da baƙar Marigold, na ma'aikatan masana'antu da masunta ne, kuɗinsu bai kai a yi ta lallaɓa tsohuwa ba.

Idan safa ta fita lafiya, sai gwajin riga gaba ɗaya. Rufe zif, murɗe bawul ɗin fitar da iska, toshe wuyan riga da ƙwallo ko wani mazubi mai santsi daidai faɗinsa, ka kulle safofin biyu a gurbinsu. Hura iska sannu a hankali har rigar ta tashi, amma kada ta yi tauri ƙwarai, don iska mai yawa tana iya fizge ƙawanyar da lafiyarta ƙalau. Fesa ruwan sabulu a kan kowace mahaɗa, ka kewaya ta gaba ɗaya, ka jira. Babban yoyo nan take yake tashin kumfa, ƙarami kuwa sai ka ba shi minti ɗaya ko biyu kafin 'yan ƙananan kumfa su taru wuri guda. Kana kallo kana girgiza ƙawanyar, ka karkata ta, ka ja safar, yadda hannu ke yi mata a cikin ruwa. Da ka gama ka ɗauraye sabulun.

Gwajin nan yana da gurgunta guda: daga ciki yake turawa zuwa waje, ruwa kuwa daga waje yake turowa. Akwai ninkin roba da iska ke dannewa ya rufe, ruwa kuma ya ɗaga shi ya buɗe. Don haka rashin kumfa ba wankewa ba ne gaba ɗaya. In haka ta faru, sa rigar a jikinka, ka tsoma hannu cikin baho ko ganga har gwiwar hannu, ka yi ta dunƙulewa da buɗewa. Idan ƙawanyarka irin wadda ta dama ke shiga gurbin hagu ce, yi musaya don gwajin kawai. Yoyon ya bi safar ya koma ɗaya hannun, matsalar tana ɓangaren safa. Ya tsaya inda yake, tana ɓangaren riga. Da wannan kaɗai ka raba aikin biyu.

Zoben roba

A nan ya kamata a zauna, domin yawancin abin da nake gani yana jiƙa mutane a nan yake, kuma ba lalacewa ba ce, ƙazanta ce da gaggawa. Zoben yana aiki ne idan ya kwanta a tsakanin fuska biyu masu santsi ba tare da komai ya ratsa ba. Silin gashi guda, ko zare ɗaya daga bakin safar ulu, ko ƙwayar yashi, ya isa ya zama magudana. Zare ma ya fi muni, don tsotsar ruwa yake yana miƙawa ciki. Ka lura da hannun da ke yawan jiƙewa: sau da yawa shi ne wanda ake sa wa safa daga baya, lokacin da ɗaya hannun ya riga ya shiga roba mai kauri, ba ya jin zaren da ya leƙo. Maganinsa ka cusa bakin safar ciki sosai kafin ka kulle, ko ka zaɓi mai gajeren baki, sannan abokin nutsonka ya kewaya mahaɗar da ido da yatsa. Tazarar da ke tsakanin ƙawanya biyu ta zama iri ɗaya ta kowane gefe. In gefe ɗaya ya ɗan ɗaga, cire ka sake, kada ka bubbuga shi da tafin hannu ka ce ya zauna.

Wajen cire zoben, matse shi da yatsu biyu daga gefe da gefe har ya tasa ɗan kunne, sannan ka ɗaga. Ban da wuƙa, ban da allura, ban da bakin sukudireba. Zobe in ya yanke ana sayen wani, amma ƙarzuwa a cikin gurbin filastik ko alminiyam ta zauna ke nan, kowane sabon zobe a kanta zai yi yoyo. Wanke gurbin da ruwan ɗumi da tsohon buroshin haƙori, ka goge da ƙyalle marar gashi. Audugar goge kunne tana barin zare, wato tana shuka abin da ka zo cirewa.

Shi kuma zoben, ja shi a hankali tsakanin yatsu a gaban haske. Kana neman tsaga, ko ɗan yanka, ko gefen da ya baje ya daina zama mulmulalle. Wanda ya baje ya gama aiki, ko da ba ya da tabo. Wajen sayen sabo, faɗin da'irarsa da kaurin jikinsa da taurinsa duk sai sun dace. Bambancin rabin milimita a kauri yana sa ƙawanya ta ƙi shiga, ko ta shiga tana rawa. Zoben da ke shagon kayan famfo yana iya kama da shi a ido, amma ni dai na fi natsuwa da na kamfanin da ya ƙera ƙawanyar. Bayan ka mayar da shi, zura wani abu marar kaifi a ƙarƙashinsa ka kewaya sau biyu don murɗewa ta warware. Zobe murɗaɗɗe yakan wuce gwajin bokiti ya ba da kunya a mita goma.

Sai giris. Kaɗan ake so, iya abin da zai sa zoben ya yi sheƙi, ba wanda za a gani ya taru ba. Giris ba ya toshe yoyo, aikinsa kawai zoben ya zame cikin gurbi ba tare da ya naɗe ba. Da yawansa yashi yake kamawa, kuma a nau'in da ake turawa kawai babu makulli, riƙon zoben ne ke tsare safar, in ya yi santsi fiye da kima sai ta zare. Duba takardar kamfani ka san irin robar zobenka: giris ɗin silikon yana kumbura zoben da shi ma na silikon ne. Basilin da man inji kuwa suna cinye robar lateks, kada su kusanci safa ko robar wuyan hannu. Hodar da ake barbaɗa wa robar wuyan hannu don hannu ya shige, ita ma ka kiyaye ta daga gurbin zobe, in ta gamu da giris ƙullu take zama.

Wani abu da masu nutso a ƙarƙashin ƙanƙara suka sani: tsakanin nutso da nutso, ruwan da ya rage a gurbi yana daskarewa idan iskar waje ta sauka ƙasa da sifiri, zoben kuma ya yi tauri. Ka busar da ƙawanyar, ka ajiye safofin cikin mota ko cikin rigar sanyinka har lokacin sawa.

Ɗaura safa a kan ƙawanya

Ƙofa ta huɗu ta masu ɗaura wa kansu safa ce, kuma maƙiyinta ninki. Idan bakin safar ya fi ƙawanya faɗi, dole robar ta tattare a wani wuri, kowane ninki kuma hanya ce. Saboda haka safar da bakinta ya ɗan fi ƙawanya ƙanƙanta, wadda sai an ja ta kafin ta hau, ita ce ta ƙwarai. Wanda ke da ƙawanyar milimita 80 ya sayi safa mai faffaɗan baki, zai yini yana baza ninki daga nan ya ɓullo can.

Kauri ma yana da magana. Si Tech, alal misali, yana haɗo zobban matsewa masu launi daban-daban, kowane launi da kaurin safar da ya dace da shi. Ka sauya daga safa mai kauri zuwa siririya ka bar tsohon zoben matsewa, riƙo ya yi sako-sako. Ka yi akasin haka, ka tilasta, filastik ya tsage. Wurin matsewa kuma ya faɗa a kan sashen safa mai santsi, ba kan kaushin da aka yi wa tafin hannu don riƙo ba.

Safa mai shimfiɗar yadi a ciki tana da nata tarko. Fuskar roba ce kaɗai ke iya toshe ruwa, yadi tsotsa yake. Idan ka naɗe bakin ta yadda yadin ya leƙa ɓangaren ruwa, ko ya ratsa ta ƙarƙashin zobe daga jiƙaƙƙen gefe zuwa busasshe, za ka samu yoyo marar gaggawa wanda ba ya tashin kumfa sosai, amma bayan rabin awa hannu ya yi sharkaf. Bi naɗin da yatsa ka tabbata yankakken bakin yadin ya ƙare a ɓangaren da ke bushe.

Kafin ka matse, sa rigar, ka saki hannu yadda yake zama da kansa, ka sa alama inda babban yatsa ya fuskanta. A ƙawanya mai siffar ƙwai wannan wajibi ne, don ba ta juyawa: safar da aka ɗaura a karkace tana murɗa ƙawanya duk tsawon nutso. Ka bar tsawon da za ka iya dunƙule hannu da lanƙwasa shi ba tare da robar ta ja ba. Rarar bakin kuma kada ka yanke sai ka gwada a ruwa, in za ka yanke ma ka bar kamar santimita biyu.

Iska da matsi

Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara matsi daidai da na iskar duniya gaba ɗaya. Bisa ƙa'idar da Robert Boyle ya bayyana a 1662, iskar da ke cikin safa tana komawa rabi a mita 10, kashi ɗaya cikin huɗu a mita 30. Rigar tana samun ƙarin iska daga bawul, amma safar tana bayan robar wuyan hannu, a rufe. In ba a yi mata hanya ba, sai ta manne wa hannu, ulu ya baje, ɗumi ya tafi. Ban da haka, ƙawanya ba ta lanƙwasuwa, don haka sararin da ke ƙarƙashinta yana zama da ƙarancin matsi, ya riƙa zuƙo ruwa ta kowace 'yar kafa da a tudu ba ta isa komai ba. Wannan shi ne yoyon da ba ya bayyana sai an yi zurfi.

A hawowa kuma labarin juyawa yake. Idan ka ɗaga hannu a ƙasa, iska takan kutsa ta ƙarƙashin robar ta shiga safa, amma ba ta samun hanyar komawa. Kana tasowa tana faɗaɗa, a mita goman ƙarshe ta ninka, safar ta kumbura har ta ɗaga ƙawanya ko ta fizge ta.

Magani shi ne a zura wani abu siriri a ƙarƙashin robar wuyan hannu, daga cikin riga zuwa cikin safa: ɗan bututun silikon, ko guntun igiyar roba, ko madaukin babban yatsa da ke bakin hannun tufafin ɗumi. Ka tabbata bai lanƙwashe ba, bai kuma leƙa kan zobe ba, don shi ma yana cikin masu gittawa. Farashin dabarar a fili yake: hanyar da iska ke bi, ruwa ma zai bi ta in safa ta fashe. Shi ya sa na fi son siririn abu a kan mai kauri. Iska ba ta buƙatar babbar ƙofa, ruwa kuma ta ƙaramar ƙofa a hankali yake wucewa.

Akwai masu cire robar wuyan hannu ɗungurungum don hannu ya sake, iska ta yi yawo, jini ya gudana. Suna da hujja, hannunsu ya fi ɗumi. Amma ranar da ƙawanya ta fita, ruwa kai tsaye cikin riga zai kwarara. Ga wanda yake fama da yoyon da bai gano kansa ba, ban ga dalilin cire katanga ta biyu ba.

Ɓangaren riga ba shi da dogon bayani. Ja bakin ƙawanyar da aka manna ka ga ko gam ya ɗaga, in ya ɗaga kai wa masu gyaran riga. Robar lateks da ta fara danƙo ko ta yi 'yan tsage-tsage idan an ja ta, ta mutu, sai sauyi. Ta silikon ba ta tsufa haka, amma farce ɗaya yana yaga ta, kuma wajen zaunar da ita a gurbi tana son ninkewa. Agogo ko kwamfutar nutso da aka ɗaura dab da ƙawanya tana iya ture ta, matsar da ita baya kaɗan. Ƙawanyar alminiyam da aka jingina wa tukunya a bayan mota takan ɗan lotse, mirgina ta a kan tebur za ka gani.

In ruwa ya shiga kana ƙasa

Yi wa abokinka alama, ku kama hanyar fita. Kada ka tsaya gyaran ƙawanya a ƙasa, ƙaramin yoyo kake neman mayarwa babba. Kada kuma ka cire safar: ruwan da ke tsare a cikinta yana ɗan ɗaukar ɗumin hannu, ya fi hannu tsirara. Rage ɗaga wannan hannun sama da kafaɗa don kada ruwan ya gangara cikin riga, ka rage dunƙule shi da ƙarfi, domin jijiyoyin wuyan hannu in sun miƙe suna buɗe kwari a ƙarƙashin robar. A nan ne safar ciki ta ulu ko ta zaren roba take nuna fifikonta a kan ta auduga, wadda da ta jiƙe ta tashi daga aiki. Masu dogon nutso sukan ajiye safar robar niyofirin ta yau da kullum a aljihun riga saboda irin wannan rana.

Abin ya wuce batun jin daɗi. Binciken da sashen gwajin nutso na sojojin ruwan Amurka ya fitar a 2007 ya nuna cewa waɗanda suka sha sanyi a lokacin hawowa sun fi kamuwa da ciwon kumfar naitirojin a kan waɗanda suka hawo cikin ɗumi. Wanda ruwa ya cika masa hannun riga alhali yana da zangon tsayawa a gabansa a hanyar hawowa, ya shiga wannan sahu. Ya cika tsayawarsa in zai iya jurewa, amma kada ya ƙara minti ɗaya a ƙasa.

Bayan kowane nutso, raba ƙawanya biyun, ka ɗauraye da ruwan daɗi, ka shanya a inuwa. Gishirin da ya bushe a gurbi kaifi gare shi. Kada ka adana su a kulle da juna wata da watanni, haka zobe ke bajewa. Lateks ba ta shiri da rana, da zafi, da iskar da ke tashi kusa da injinan lantarki, don haka ɗakin janareta ko bayan mota ba ma'ajinta ba ne. A jakar nutso kuma kada a rasa zobba biyu na kowane girma, da safa guda biyu da aka riga aka gwada a bokiti. Duk gyaran da ka yi, nutson farko bayansa ya zama a mita 5 ko 6 kusa da gaɓa, da safar ciki mai launin toka, kafin ka kai shi wurin da fita ke ɗaukar lokaci.